Shi Ke Zuƙa, Jariri Ke Ramewa

Duk lokacin da aka taso da zancen taba sigari da juna biyu, amsarmu guda ce: "Ai matanmu ba sa sha." Mu kaɗe riga mu tashi, mu bar wa Turawa matsalarsu. Gaskiya ne, binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna matan da ke shan sigari ba su kai 1 cikin 100 ba. To amma wa ya ce sai mace ta ɗora kara a leɓenta kafin hayaƙi ya isa ga abin da ke cikinta?

Mu leƙa ɗaki guda a gidan haya, lokacin hunturu, taga a rufe, labule a sake. Maigida ya dawo daga majalisa, ya ci tuwo, ya jingina da bango ya ƙyasta ashana. Matarsa na gefe da cikin wata shida. Shi kaɗai ya sayi tabar, amma mutum uku ke shan ta, kuma biyu daga ciki ba wanda ya nemi yardarsu. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A wannan ɗakin kuwa, wani ne ya ɗebo, bakin wani ke ƙonewa.

Abin da ke faruwa ba ɓoyayye ba ne ga likitoci. Jariri a ciki ba ya numfashi da hancinsa, ba ya cin abinci da bakinsa. Komai ta mabiyiya da cibiya yake samu, daga jinin uwa. Sinadarin nikotin yana matse jijiyoyin da ke kai wannan jinin. Ita kuma iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin tana kama ƙwayoyin jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama su, ninki sama da 200, sai ta ƙwace mata gurbi. Hanya ta tsuke, kayan da ke bi ta cikinta kuma sun ragu. Ta ina yaro zai yi nauyi?

Tun a 1957 wani bincike a Amurka ya nuna masu shan sigari sun fi haihuwar bakwaini. Yau an san jaririn uwa mai shan taba yakan zo da ragin kusan giram 200 a kan na wadda ba ta sha. Ragin da mai shaƙar hayaƙin wani ke jawowa bai kai haka ba, amma ragi ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin hayaƙin taba da za a kira marar illa. A ma'aunin hukumar, jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ya zo da ƙarancin nauyi. A ƙasar da mai ciki ke fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, giram kaɗan ne tsakanin jaririn da za a tafi da shi gida da wanda za a nema wa kwalba a asibiti.

Muna jin masu cewa ƙaramin jariri ya fi sauƙin haihuwa. Wannan magana ta cuci mata da yawa. Yaron da ya ƙanƙance don an tauye masa abinci da iska bai sauƙaƙa wa kowa komai ba. Sanyi ya fi kama shi, cuta ta fi kayar da shi, shan nono ma wahala yake ba shi. Ga haɗarin ɓari, ga na rabuwar mabiyiya kafin lokaci, wanda kan zo da zubar jini mai kisa. Abin mamaki kuma, yaran da iyayensu mata suka sha taba da cikinsu sun fi faɗawa ƙiba idan sun tasa. An haife shi a rame, ya girma da teɓa: asara biyu ke nan.

Kada 'yan matan zamani su ɗauka ba da su ake ba. Shisha ta shigo da ƙamshin tufa da na'ana'a, har wasu na raɗa wa juna cewa tana rage ciki. Nikotin na kashe sha'awar abinci, wannan haka yake. Wanda ya daina taba yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, wannan ma haka yake. Amma gawayin da ke kan tukunyar shisha yana fitar da irin waccan iskar mai ƙwace gurbin oksijin, kuma ruwan da ke ƙasa ba ya wanke ta. Ana rage kilo biyar da tafiyar ƙafa da gyara cima. Wa ya taɓa mayar wa jariri watannin da ya yi cikin ƙunci?

Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai. Mai tebur bai fasa ba. Ko da ya fasa, doka ba ta shiga ɗakin aure. Nan aikinmu ne, kuma nan muka gaza. Muna hana mai ciki ɗaukar tulu, muna tanadin itacen wankan jego da kunun kanwa, muna cinikin ragon suna tun ciki bai tsufa ba, amma babu mai iya cewa ɗansa ko ƙanensa, "Fita da tabarka waje." Matar ba za ta faɗa ba, don kada a ce ta raina miji. Uwar miji fa? Aminin ango fa? Ma'aikaciyar awo da ke tambayar abin da mai ciki ke ci, me zai hana ta tambayi abin da take shaƙa?

Kai kuma maigida, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan ba za ka iya dainawa yau ba, ka fitar da hayaƙin daga gidan gaba ɗaya, ka canza riga kafin ka shiga ɗaki. Amma dainawar ita ce magana. Ranar da ungozoma za ta ɗora ɗanka a kan sikeli, lambar da za ta karanta har da hannunka a cikinta.