Kuturtar Gyaɗa: Maganinta Na Cikin Buhun Iri

Dattawan kasuwannin Jibiya, Maigatari da Maraɗi ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya, ta kuma taɓa manoman Nijar. Wannan annoba, haɗe da farin da ya gabace ta, na cikin abubuwan da suka karya kasuwar gyaɗa a ƙasashen biyu.

Ƙwarin darɓa ne ke yaɗa cutar daga shuka zuwa shuka, ganye ya ƙanƙance, gyaɗa ta ƙi zuba 'ya'ya. Da yake ƙwayar cutar bairos ce, feshi ba ya warkar da shukar da ta kamu. Shi ya sa masana suka koma binciken ƙwayoyin halittar gyaɗar kanta.

Tun cikin shekarun 1950 aka gano wasu nau'o'in gyaɗa masu jure cutar a yankin iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa. To sai dai suna daɗewa ba su nuna ba, daminar Sahel kuwa gajera ce. An ɗauki shekaru ana barbara su da masu saurin nuna, har Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da ICRISAT mai reshe a Sadore kusa da Yamai, suka fitar da SAMNUT 23 a 2001, sai SAMNUT 24 a 2011, wadda ke nuna cikin kimanin wata uku. A 2019 kuma masana suka kammala karanta tsarin ƙwayoyin halittar gyaɗa, abin da ke sauƙaƙa zaɓen iri tun yana tsiro.

Ina ruwan ɗan kasuwa? Cutar ba ta bin iri, don haka buhun da ya ƙetare iyaka bai ɗauko ta ba. Amma yana iya ɗauko maganinta. Manoma da yawa a kasuwa suke sayen irin shuka, kuma idan dillali ya gauraya mai juriya da wanda ba ya juriya don cika mudu, aikin shekaru ya tashi a banza. Manomi zai yi asara bana, baɗi kuma dillalin ya rasa abin saye.

Saboda haka a ware buhun iri daga na kai wa masu ƙuli-ƙuli, a rubuta sunansa, a faɗa wa mai saye gaskiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka.