Zuwa ga Masu Gwada Maganin Shanyewar Ɓarin Jiki a Kan Ɓeraye

Ƙannena na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da na kwalejin kiwon lafiya ta Jega.

Duk wanda ya ƙudurta gwada ko ruwan albasa ko na zogale zai kare ƙwaƙwalwa bayan jijiya ta toshe, ya fara duba inda na gaba suka faɗi. Idan gudan jini ya tare hanya, tsakiyar wurin kan mutu cikin mintoci, amma gefensa yakan yi sa'o'i da sauran rai, sinadarin gulutamet na malala, kalsiyam na cika ƙwayoyin ƙwaƙwalwar har su halaka. Wannan gefen kuke son cetowa, kuma niyya ce mai kyau.

Sai dai a 2006 wata mai bincike, O'Collins, da abokan aikinta sun ƙirga magunguna 1,026 da aka gwada, 114 kawai suka kai ga majinyata. Wani magani mai suna NXY-059 ya yi abin mamaki a jikin ɓeraye, amma a 2007, da aka ba mutum sama da 3,000 a gwajin SAINT II, bai amfana musu komai ba. Da Malcolm Macleod na Edinbara ya koma kan binciken dabbobin a 2008, sai ya tarar amfanin ya fi girma ne a inda mai aunawa ya san ɓeran da aka ba magani, kuma ya ragu ƙwarai a jikin ɓeraye masu hawan jini.

Nan ne hankalina ya fi tsayawa. Wa za a kawo muku daga ƙauyukan Maiyama? Dattijo ne ko dattijuwa, da hawan jinin da ya yi shekaru ba a auna ba, wataƙila da ciwon suga. Binciken SIREN a Nijeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba cikin masu jawo cutar. Sau da yawa sai an kwana ana shafe-shafe a gida kafin a nemi mota, alhali allurar alteplase mai narkar da gudan jini sa'a huɗu da rabi ce iyakarta. Ɓeranku kuwa matashi ne, namiji, lafiyayye. Wasu ma sukan yi mako biyu suna ɗura masa maganin kafin a toshe jijiyar. Wannan rigakafi ne, ba magani ba; ku kira shi da sunansa.

Don Allah ku nemi tsofaffin ɓeraye da mata da masu hawan jini. Ku ba da maganin bayan sa'o'i da toshewar. Ku raba dabbobin da ƙuri'a, kuma wanda zai auna ɓarnar kada ya san wanne ne wanne. Ku jira makonni ku ga ko ƙafar ta dawo aiki.

In albasar ba ta yi komai ba, ku rubuta haka ku wallafa, don ɗalibin da zai biyo bayanku kada ya kashe kuɗin iyayensa a kan tambayar da kun riga kun amsa.

Wassalam, naku yayanku.