Adireshin Intanet Ya Yi Ƙaranci, Tilas A Iya Rabo

Duk na'urar da ke kan intanet, ko wayar manomin Utai ce ko kwamfutar ofis a Wudil, sai tana da lambar adireshi kafin saƙo ya iske ta. A tsarin IPv4 lambar gida huɗu ce, kowane gida daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.10.25. Jimillarsu kimanin biliyan 4.3 ce kurum.

Adireshin nan kashi biyu ne. Farkonsa yana nuna rukunin da na'ura take, watau unguwa, ƙarshensa kuma ita na'urar, watau gida. Alamar /24 a bayansa tana nufin gida uku na farko na unguwa ne, sauran adireshi 256 na mazauna. Biyu daga ciki ba a ba kowa, saura 254.

To, ina amfanin rabo? A ce wata ma'aikata ta sami /24. In ta matsar da iyakar zuwa /26, sai ya tsage huɗu, kowane kashi adireshi 64, na aiki 62. Ofishin kuɗi ya ɗauki ɗaya, ɗakin karatu ɗaya. Ta haka cunkoso yake raguwa, kuma ana iya kafa shinge don kada baƙo ya leƙa asirin albashi.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne rumbu ya kusa ƙarewa. A 2011 hukumar IANA ta raba ragowar manyan kason da ke hannunta. AFRINIC, mai raba wa Afirka daga ƙasar Morishas, ta ƙara tsuke hannu a Janairun 2020, inda ta ƙayyade adireshi 1,024 a matsayin iyakar abin da mai nema zai samu a lokaci guda.

Mafita ta dindindin ita ce IPv6, wanda adireshinsa ya fi ƙarfin ƙirga. Amma shi ma sai da gwanin rabo. Saboda haka lalle ne Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda aka kafa a 2001, ta dage wajen horad da ɗalibai kan tsarin biyu. Ma'aikatun gwamnati kuwa, kafin su sayi na'urori, su fara zana taswirar adireshinsu. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wanda bai shirya ba, sai ya biya ɗan kwangila ya sake masa aiki.