Rubutun Karɓa-Karɓa: Wanda Ba Ya Son Doka Ya Koma Ɗakinsa

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar ta shafi wannan salo da matasanmu suka runguma hannu bibbiyu, wato rubutun karɓa-karɓa, inda mutum shida ko goma za su haɗu a kan labari ɗaya, kowa ya ɗauki tauraro guda ya riƙe a matsayin nasa, wannan ya rubuta abin da tauraronsa ya yi ko ya faɗa, ya miƙa wa na gaba shi ma ya ɗora, a bisa kulawar mutum ɗaya da aka naɗa jagora. Wasu a littafin rubutu suke yi yana yawo hannu-hannu, wasu kuma ta wayar salula. Ni ba na cikin masu kushe salon. Abin da nake faɗa da shi wata gurguwar fahimta ce da ke neman samun gindin zama a tsakaninmu, wai shimfiɗa doka a irin wannan rubutu tauye hikima ne.

Bara mu tara muka yi irin wannan yunƙuri. Muka ƙirƙiri wata tashar mota a wani gari da babu shi a taswira, muka raba taurari: akwai direba, akwai ɗan kamasho, akwai mai tuwo-tuwo, akwai ɗan sanda, har da wani mahaukaci mai kwana a gindin tsamiya. Ni aka bai wa mai shayi. Da na ce mu zauna mu rubuta ƙa'idoji kafin a ɗora biro a kan takarda, sai wani daga cikinmu ya kwashe da dariya ya ce, “Malam, nan fa ba aji ba ne, a bar alli da bulala a makaranta.” Aka yi masa tafi, ni kuma na ja bakina na yi gum.

Wata biyu na farko abin ya yi armashi. Daga nan littafin ya faɗa hannun mai riƙe da direba, ya kwana goma sha ɗaya a wurinsa. Da ya dawo sai muka tarar direba ya yi wa ɗan kamasho dukan kawo wuƙa, ya tona asirin ɗan sanda, ya kuma auri mai tuwo-tuwo har an kai amarya, duk a shafi huɗu. Yarinyar da ke riƙe da mai tuwo-tuwo ta shafe makonni tana gina bazawara mai kamun kai, wadda ta rantse ba za ta sake aure ba sai 'yarta ta gama makaranta. Ta karanta shafukan nan, ta rufe littafin, ta ajiye a kan benci ba ta ce uffan ba, kuma tun daga ranar ba mu sake ganin ƙeyarta a taro ba. Shi kuwa mai ɗan kamasho da layi ya zo kansa sai ya cinna wa motar wuta da direban a ciki. Labari ya mutu a shafi na 63, kuma har yau akwai mutum biyu a cikinmu da ba sa ga maciji da juna.

To, masu cewa marubuci ba shi da sarki, ina tambayarku: wace hikima ce aka 'yanta a nan? Gaskiya ne idan ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa, kai ne wuƙa kai ne nama, ka kashe wanda ka ga dama ka aurar da wadda ka so. Amma ranar da ka yarda ka ci tuwo a akushi ɗaya da mutane takwas, ai dole ka ci gabanka. Wanda ya miƙa hannu gaban wani ya ce 'yanci ne, a gidanmu sunansa haɗamamme.

Kuma kada wani ya ce doka baƙuwa ce a adabinmu. Dubi tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara masa uku ya zama biyar, amma bai isa ya canza karin waƙar ba, bai isa ya taɓa kalma ɗaya ta mai asalin waƙa ba, kuma dole amsa-amonsa ya bi na ɗangon da ya tarar. A cikin wannan ƙunci ne Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabbat Haƙiƙa tahamisi, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya ce ƙa'ida ta daƙile shi ba. Dubi kuma kalankuwa a karkara, inda samari da 'yan mata kan naɗa gwamna da alƙali da ɗan sanda a tsakaninsu. Wasan yana daɗi ne domin kowa ya tsaya a kan rawarsa. Ranar da mai rawar ɗan sanda ya hau kujerar alƙali ya yanke hukunci, wasa ya tashi.

Waɗanda suka riga mu wannan salo a ƙasashen waje ma da doka suka soma. A 1931 wasu fitattun marubutan labaran binciken kisa na Ingila, cikinsu har da Agatha Christie da Dorothy L. Sayers, suka fitar da littafi ɗaya mai suna The Floating Admiral, kowa da babinsa. Sharaɗinsu shi ne duk wanda zai ɗora babi sai yana da tasa warwarar ƙullin a zuciya, ba a yarda ya jefa ruɗani don kawai ya wahalar da na bayansa ba, kuma dole ya ɗauki duk abin da na gabansa suka bari da gaske. A ƙarshen littafin aka buga warwarar da suka miƙa, kowa ya gani. A 1974 kuma Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, wanda shi ne kakan wannan salo na kowa da tauraronsa. A can ɗan wasa yana faɗin abin da tauraronsa ya yi niyya ne kawai, mai gudanarwa da 'yar ƙwaya mai lambobi irin ta ludo su ke nuna ko ya dace ko bai dace ba. Daga irin wannan wasa da George R. R. Martin ya riƙa gudanarwa da abokansa marubuta a jihar New Mexico aka samo jerin littattafan Wild Cards, na farkonsu ya fito a 1987, ƙarƙashin edita da yarjejeniya a rubuce. Shin waɗannan mutane hikima ce ta yi musu ƙaranci, ko kuwa mun fi su sanin 'yanci ne?

Ga abin da nake kira a kansa, kuma ba shi da yawa. Uwar dokoki ita ce tauraron wani amana ce. Kada ka sa masa magana a baki, kada ka shiga zuciyarsa ka ce ya ji tsoro ko ya kamu da so, kada ka aurar da shi, ka naƙasa shi ko ka kashe shi sai da yardar mai shi. Rubuta yunƙuri, ka bar sakamako. Idan ka ce direba ya ɗaga hannu ya kai wa ɗan kamasho mari, ka bar wa ɗan'uwanka ƙofa: ko ya goce, ko ya sha marin, ko mai shayi ya shiga tsakani. Idan kuwa ka ce ya mare shi ya faɗi sumamme haƙora biyu suka zube, ka rubuta naka ka rubuta nasa, me ya rage ya yi?

Biye da wannan akwai cutar tauraron da ba ya faɗuwa: ƙarfe ba ya cin sa, 'yan mata duk shi suke so, kuɗinsa ba sa ƙarewa, gardama kuwa ko da liman ne shi ke da gaskiya. Irin wannan ya gundiri mai karatu a littafin mutum ɗaya ma, balle a inda mutane takwas ke jiran su taka tasu rawar. Sai kuma satar sani. Kai marubuci ka karanta cewa ɗan sanda ya karɓi toshiya a bayan rumfa, amma direbanka yana kan hanya lokacin da abin ya faru. In kana son ya sani, nemo masa hanya a cikin labari, wani ya tsegunta masa ko ya ci karo da shaida. Abin da idonka ya gani a takarda ba kunnen tauraronka ne ya ji ba.

A yanka wa kowa wa'adi, kwana uku ko mako guda, wanda uzuri ya kama shi ya faɗa tun da wuri a tsallake shi, tauraronsa ya tafi ƙauye gaisuwa har ya dawo. Kowa ya karanta abin da aka rubuta kafin ya ɗora, domin abin kunya ne a bar labari da tsakar damina ka zo kana maganar hazo. A kuma yi ittifaƙi tun ranar farko a kan abin da ba za a taɓa ba, kamar batsa, da fyaɗe, da izgili ga addini ko ƙabilar wani, musamman da yake akwai ɗalibai da matan aure a cikinmu. Haka nan a rubuta sunan wa zai hau bango da yadda za a raba abin da aka samu in an buga littafin, tun kafin kuɗi su shigo su raba zumunci.

Akwai wata ɓarna da ta fi duk waɗannan muni, wato mai da labari dandalin habaici. Kana da jiƙaƙƙa da wane a kan zaɓen shugabannin reshe, sai ka sa tauraronka ya riƙa yi wa nasa zambo da siffofin da kowa ya san na mai shi ne. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Faɗan taurari ya tsaya a takarda, faɗan marubuta a kai shi gaban jagora a kashe shi baki da baki.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jagororin ma suna da nasu laifin, kuma na ga wanda ya mai da kujerar sarauta, tauraronsa ne kullum a sama, abokansa su taka doka ya kau da kai, sabon shiga ya yi tuntuɓe ya kore shi. Wannan shi ne mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. A ganina jagora kada ya riƙe babban tauraro ko kaɗan. Ya riƙe gari da yanayi da 'yan rakiya, ya jefo abin da zai motsa labari in ya yi sanyi, ya yi gargaɗi a keɓe kafin ya yi a fili, ya faɗi dalilin kowane hukunci, kuma ya yarda 'yan ƙungiya za su iya sauke shi. Da jagoranmu ya soke shafuka huɗun nan a ranar, ya ce a sake, da yanzu wataƙila littafinmu yana kasuwa.

Na san za a ce ɗabi'ar malamin makaranta ce ta motsa, ba ya ganin taro sai ya nemi rajista. Na karɓa. Amma shekarun da na yi a gaban allo sun koya mini cewa in babu doka a wuri, mai babbar murya shi ke zama doka, kuma wanda ke fara ficewa shi ne mai kunya, wanda sau da yawa ya fi kowa baiwa. Yarinyar nan ta fi mu duka iya sarrafa zance, ga shi mun yi asararta saboda shafi huɗu.

Don haka ina kira ga kowane reshe da ke da niyyar irin wannan rubutu: ku ɓata zama ɗaya ku rubuta ƙa'idojinku a shafin farko, kowa ya sa hannu. Wanda ya ga an matse shi, ga ɗakinsa can, ga biro ga takarda, babu mai hana shi zama sarki. Ɗan'uwana da ya ce a bar bulala a makaranta kuwa, filin nan a buɗe yake, ina sauraron martaninsa a fitowa ta gaba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu dace, amin.