Fushi Baƙo Ne, Kada A Ba Shi Ɗaki

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A makarantar kwana, inda ɗalibai masu yawa ke kwana ɗaki ɗaya suna layin famfo ɗaya, saɓani ba ya ƙarewa. Ni a ganina, fushin da ke tasowa nan take ba shi ne babbar cutarmu ba. Babbar cutar ita ce riƙo, wato ajiye abu a zuci ana jiran ranar ramuwa.

Littafi Mai Tsarki bai ce Kirista ba ya fushi ba. A Markus sura 3, Yesu kansa ya ji haushin taurin zuciyar waɗanda ba su so ya warkar da mai shanyayyen hannu ran Asabar ba. Amma Manzo Bulus, a Afisawa 4:26, ya sa wa fushi wa'adi, shi ne faɗuwar rana. Fushin da ya kwana ya zama gaba. Dubi Kayinu a Farawa sura 4. Allah ya gargaɗe shi tun fushin yana kan fuskarsa, ya ƙi ji, ƙarshenta ya kashe ƙanensa Habila.

To, ina riƙo yake kai mu a nan? Babban ɗalibi ya sa sabon shiga ɗibar ruwa da wanki, har da duka. Yaron ba shi da bakin magana, sai ya haɗiye. Ran da ya kai ajin ƙarshe, wanda ya cuce shi ya daɗe da tafiya, sai ya sauke a kan wani yaro da bai san hawa ba, bai san sauka ba. Haushin kaza ke nan, huce kan dami. Haka zalunci ke zama gado, kowane aji yana miƙa wa na bayansa.

Wani zai ce, "Ai in ka yafe, an raina ka ke nan." Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. Bayan fiye da shekara 20 suka zo hannunsa a Masar, yunwa ta koro su, shi kuwa yana da ikon ɗaure su duka har su mutu. Ya ciyar da su, ya ba su wurin zama. Wa ya taɓa kiran Yusufu rago?

Amma yafewa ba ita ce yin shiru ba. A Matiyu sura 18, Yesu ya koyar cewa a fara samun mai laifin a keɓe, daga kai sai shi. In ya ƙi ji, a nemi mutum ɗaya ko biyu su shiga, sa'an nan a kai gaba. Saboda haka kai ƙarar mai cin zali wurin malami ba ramuwa ba ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Iyayenmu kuma, don Allah ku daina ce mana, "In an buge ka, ka rama." Ku tambaye mu wa muke gaba da shi, ku taimake mu mu shirya. Mu kuwa 'yan'uwana, duk lokacin da muka yi Addu'ar Ubangiji muna roƙon Allah ya gafarta mana ne daidai da yadda muke gafarta wa wasu. Mai riƙo sai ya yi tunani kafin ya ce amin.