Masu tayar da tsofaffin motocin Amurka ba almubazzarai ba ne

Jama'a, na gaji da jin masu cewa wai duk Ba'amurken da ya kwashe shekaru a gareji yana tayar da tsohuwar Mustang ko Corvette bai san ciwon kuɗinsa ba. Wallahi ban yarda ba.

Corvette ta farko a 1953 aka ƙera ta a garin Flint na jihar Michigan, guda 300 kacal, dukkansu farare. Mustang kuwa ta fito a watan Afrilun 1964. Yau shekara sittin da ɗoriya, amma har yanzu irinsu na gudu a titi. Dalili? An yi su ne yadda mutum mai sifana da haƙuri zai kwance injin ya mayar da hannunsa. Ba sai ya nemi izinin kamfani ba.

To, motar yau fa? Fitila ɗaya ta kama a gaban direba, sai an jona kwamfuta, wani bayanin ma yana hannun kamfani. Ka biya kuɗinka cas, amma ba ka isa ka san ciwon motarka ba. Shi ya sa a 2020 mutanen jihar Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye cewa dole a bai wa mai mota da makanikensa wannan bayani. Me kamfanonin suka yi? Kotu suka garzaya.

Kar wani ya ce wannan rigimar Turawa ce. Motocin da suka gama yayi a Amurka ai mu ake sauke wa ta Legas da Kwatano. Kullen da aka yi musu can, shi ne ke iske makanikenmu a nan, ya yi ta canje-canjen kaya bisa kintace, mai mota na biya.

E, na sani, akwai attajiran da ke sayen irin waɗannan motoci a gwanjo su kulle don riba. Waɗannan 'yan kasuwa ne, ba da su nake ba. Da mai baƙin mai a farce nake, wanda ke koya wa ɗansa abin da ke cikin inji.

Abin da ba ka iya gyarawa, haya kake yi ko da takardun na ɗauke da sunanka. Mai ja, ga fili nan.