A Ba Baƙo Kujera a Teburin Wasa

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in yi magana a kan wani wasa da ya samo asali daga Amurka, da kuma irin halin da gwanayensa suke nuna wa wanda ya zo koyo. Sunan wasan Dungeons & Dragons. Waɗansu mutane biyu ne suka ƙago shi, Gary Gygax da Dave Arneson, kamfanin TSR kuwa ya fara buga shi a shekarar 1974 a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva, cikin jihar Wiskonsin.

Ga yadda ake yinsa, domin wanda bai taɓa gani ba. Mutum huɗu ko biyar sukan kewaye tebur da takarda da fensir. Ɗayansu shi ne jagora, shi ke ba da labari kamar mai tatsuniya, sai dai a nan masu sauraro su ne mutanen cikin labarin. Kowa da jaruminsa, wani mayaƙi, wani ɓarawo, wani mai sihiri. Jagora ya ce, "Kun iso bakin wani kogo, ƙofa a kulle, me za ku yi?" Kowa ya faɗi dabararsa, sa'an nan a jefa 'yar ƙwaya mai lambobi irin ta ludo, a ga ko dabarar ta ci. Ƙwayoyin iri-iri ne, akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da kuma mai fuska 20 wadda aka fi jefawa. Ba wanda ke cinye wani, taruwa ake yi a kai labari ƙarshe.

To, tun da wasa ne na haɗa kai, sai mutum ya zaci masu yinsa sun fi kowa son baƙo. Ina! Sau da yawa wanda ya zo koyo yakan tarar da katanga tun daga bakin ƙofa. Manyan littattafan dokokin wasan uku ne, na 'yan wasa kaɗai, bugun 2014, ya haura shafi 300. Gwanaye sun haddace su, suna magana da kalmomin da ba mai ganewa sai su. Baƙo ya yi tambaya, a dube shi a sheƙeƙe. Ya ɗauko ƙwaya mai fuska 12 maimakon mai 20, a bushe da dariya. Wani ma jarrabawa ake yi masa, wai a gani ko masoyin wasan ne na gaskiya. Mata sun fi kowa shan wannan, kuma ba abin mamaki ba ne, domin a littafin 'yan wasa na 1978 doka ce a rubuce cewa jaruma mace ba za ta kai namiji iyakar ƙarfi ba. Sai a bugun 1989 aka cire wannan doka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, su kansu masu wasan sun ɗanɗana wariya. A shekarun 1980 waɗansu iyaye da masu wa'azi a Amurka sun zargi wasan da koya wa yara tsafi, har waɗansu makarantu suka hana shi. Wanda aka taɓa nuna wa yatsa a unguwa saboda abin da yake so, ai shi ya kamata ya fi sanin zafin a ware mutum.

A ganina nauyin yana wuyan gwani, kuma hanya mafi kyau ita ce a zaunar da baƙo ya yi wasa tun ranar farko, ya koyi doka a hankali yana cikin yi. Wa aka taɓa ba littafi kafin ya koyi dara ko langa? Masu buga wasan ma sun gane haka tun da daɗewa. A 1977 suka fitar da ƙaramin akwati na masu koyo wanda J. Eric Holmes ya tsara. A 1983 Frank Mentzer ya shirya wani jan akwati wanda littafinsa ke farawa da ɗan labarin da mai karatu zai yi wasansa shi kaɗai, yana koyon doka ɗaya bayan ɗaya. Akwatin masu koyo na 2014 kuwa ya zo da jarumai biyar a shirye, sai dai mutum ya zaɓi ɗaya ya zauna. Idan masu wasan sun ga dacewar sauƙaƙa hanya, wane ne ni ko kai da za mu tsaya a ƙofa muna tambayar takardar shaida?

Na san abin da gwanaye za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce labarinsu ya yi wata shida ana jansa, baƙo ya zo ya yi ta tambaya, awa biyun da suke da ita ta ƙare ba a yi komai ba. Gaskiya ne baƙo yana jawo jinkiri. Amma maganin wannan ba wuya. A ware rana guda a wata domin gajeren labari wanda za a fara a gama a zama ɗaya. A ba baƙo jarumi a shirye, mai sauƙin sarrafawa kamar mayaƙi. A zaunar da gwani ɗaya kusa da shi, aikinsa ya nuna masa ƙwayar da zai jefa, amma kada ya zaɓa masa abin da zai yi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai gwanin da idan ya tashi taimako sai ya ƙwace wasan ɗungurungum, "Ka yi kaza, kada ka buɗe ƙofar nan," har baƙo ya koma ɗan kallo da fensir a hannu. Gara a bar shi ya buɗe ƙofar, dodo ya fito, a yi dariya tare da shi. Daga nan ne daɗin wasan yake.

Babban aiki kuwa na jagora ne. Shi ke raba magana, saboda haka shi zai lura da wanda ya yi shiru, ya kira sunansa ya ce, "Kai fa, me jaruminka yake yi?" Masu surutu ba sa bukatar gayyata. Akwai kuma al'adu biyu da masu wasan suka fito da su waɗanda suka burge ni. Ta farko, kafin a soma sabon labari akan yi zama na musamman, ba jifa ba yaƙi, a tattauna irin labarin da ake so da abin da ba a so ya shigo. Ta biyu ita ce katin da wani mai tsara wasanni, John Stavropoulos, ya ƙago. Kati ne mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiyar tebur, duk wanda labari ya kai inda ransa bai so, sai ya taɓa shi, a wuce wurin ba tare da an tambaye shi dalili ba. Gwani yana iya buɗe baki ya ce bai yarda ba. Baƙon da yake jin nauyin kowa, katin nan ne bakinsa.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wasan Amurkawa? Ruwanmu shi ne, 'yan kaɗan daga cikinmu a makarantar nan sun fara yinsa ranar Asabar da yamma, da dokokin da kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya saka kyauta a intanet. Kusan dukanmu 'yan manyan aji ne. Ƙannenmu sukan tsaya a taga suna leƙe, ba mai ce musu ku shigo, su kuma ladabin makarantar kwana ya hana su tambaya. Mu tuna fa, a irin makarantarmu kowace shekara manya tafiya suke yi. In muka fita ba mu koya wa kowa ba, ranar da muka ɗauki akwatunanmu wasan ya mutu, kamar yadda kowane kulob ke mutuwa idan 'yan aji shida suka riƙe shi su kaɗai.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana da mu mayar da Asabar ta farkon kowane wata ta zama ta masu koyo. Mu liƙa sanarwa a allon ɗakin cin abinci, mu rubuta jarumai biyar a takardu tun daren Juma'a, mu tanadi labarin da ba zai wuce awa ɗaya da rabi ba domin a gama kafin sallar magariba. Kujeru uku na ƙananan aji, biyu namu, kuma ɗan aji ɗaya ne zai fara jefa ƙwaya mai fuska 20.